A Bar Su Su Faɗa da Bakinsu



A manyan biranen ƙasar Hausa, irin su Kano da Katsina da Zazzau, an daɗe da sanin sarautar Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Makaho in yana da kuka ya san ƙofar da zai nufa, kuma wanda zai tarar a zaure makaho ne ɗan'uwansa. Kurame suna da ƙungiyoyinsu. Guragun Kano da shan-inna ta taɓa sun haɗa kai suna ƙera kekuna da hannunsu suna sayarwa. Duk wanda ya taɓa ganin waɗannan bayin Allah sun je gaban hukuma ya san ba sa aiken kowa. Su da kansu suke faɗin abin da ya kawo su.

Akwai rukuni guda da ba su da irin wannan zaure. Su ne waɗanda aka haifa, ko suka tashi tun suna ƙanana, da larurar da ta shafi fahimta, ko magana, ko koyon abubuwan yau da kullum. A cikinsu akwai masu larurar Down da masu otizim, waɗanda jama'a kan haɗa su a kira su masu galahanga, alhali larurorin biyu daban suke. Larurar Down tana zuwa ne daga ƙarin ƙwayar halitta ta 21, kuma ana samunta a kusan jariri ɗaya cikin dubu, a kowace ƙasa, a gidan mai kuɗi da na talaka. Akwai kuma wanda doguwar naƙuda ta hana shi iska lokacin haihuwa, da wanda shawara mai tsanani ta kama a makonsa na farko, da wanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai. Ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki ma yana jawo haka. Mu tuna da gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da yawa cikin waɗanda suka tsira gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma yau sun zama samari da 'yan mata.

Wannan larura ba hauka ba ce, ba kuma aikin iska ba ne. Mutum ne da fahimtarsa ke tafiya a hankali, ko take bin wata hanya daban. Yana da abin da yake so da abin da ya ƙi, yana jin zafin raini, yana gane wanda ke ƙaunarsa. Abin da muka saba yi masa shi ne mu ciyar da shi, mu tufatar da shi, mu yi magana a kansa yana zaune.

Ku je asibiti ku gani. Saurayi ne mai shekara ashirin da ɗoriya, gemu ya fito, ya zo da mahaifiyarsa. Likita ya ɗago kai, ya tsallake shi, ya dubi uwar ya ce, “Mama, me ke damunsa?” Saurayin ya buɗe baki yana lalubo kalma, hannunsa a kan cikinsa. Kafin kalmar ta fito uwar ta amsa, likita ya rubuta, an kira na gaba. Babu mugu a ɗakin nan. Uwar ta gaji, layi ya yi tsawo, likita yana sauri. Amma mai ciwon ya fita ba a ji shi ba, kuma haka ake yi masa tun yana yaro, har ya daina gwadawa.

A wasu ƙasashe irin waɗannan mutane sun tashi sun karɓi bakinsu, kuma labarin yadda suka yi ya cancanci a ji shi.

Abin ya faro ne a Suwidin. A shekarun 1960 wani mutum mai suna Bengt Nirje yana aiki da ƙungiyar iyayen yara masu wannan larura. Ya kafa wa matasan ƙananan kulob a birnin Stockholm, inda su ne za su zaɓi inda za a je da abin da za a yi, ko da za su yi kuskure. Daga nan aka koya musu yadda ake zaman taro, yadda ake ɗaga hannu, yadda ake jefa ƙuri'a. A 1970 wakilansu kimanin 50 suka yi taron kwana uku a birnin Malmö, suka fitar da jerin buƙatu. Ku saurari abin da suka nema. Sun ce ba sa so a riƙa kwasarsu a ayari ana zaga gari da su kowa na kallo. Ba sa so a haɗa su hutu da ƙananan yara alhali su manya ne. Suna so a koya musu girki da riƙon kuɗi domin su zauna a ɗakin kansu. Suna so a daina tura musu aikin da kowa ya ƙi a wurin aiki. Suna so in likita da malami da jami'in jin daɗin jama'a za su zauna a kan maganarsu, a kira su su zauna. Da yawa cikin ƙwararrun lokacin ba su sa waɗannan a gaba ba, domin ba su tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Amurka lamarin ya fi muni, domin can gwamnati ta gina manya-manyan gidaje tana tara su. Gidan Willowbrook da ke Niyu Yok an gina shi don mutum 4,000, amma a 1965 akwai kusan 6,000 a ciki. Har gwajin cutar hanta aka yi a kan yaran da ke wurin. A 1972 wani ɗan jarida, Geraldo Rivera, ya shiga da kyamara ya nuna wa duniya yara tsirara a ƙasa cikin ƙazanta. Cikin waɗanda suka yi masa magana akwai Bernard Carabello, wanda aka kai shi gidan yana ɗan shekara 3 ya yi shekara 18 a ciki. Larurarsa ta jiki ce da nauyin harshe, aka ɗauka ba ya fahimtar komai. Da ya fito, shi ne ya kafa ƙungiyar masu magana da bakinsu ta jihar Niyu Yok a 1986. An rufe Willowbrook a 1987.

A jihar Oregon kuwa, inda hukuma ta yi wa mutum sama da 2,600 aikin hana haihuwa bisa dole, akwai wani gida mai suna Fairview a garin Salem. A 1973 wasu da suka zauna a gidan suka halarci wani taro a Kanada da aka ce an shirya shi dominsu. Suka dawo ba su ji daɗi ba, domin ƙwararru ne suka cinye taron da jawabai. Sai suka ce za su shirya nasu. Wajen neman suna, ɗaya daga cikinsu ya nuna ya gaji da a riƙa kiransa da sunan larurarsa, alhali shi mutum ne kafin komai. Suka sa wa ƙungiyar People First, wato mutum ne tukuna. A watan Oktoba na 1974 suka yi babban taronsu, mutum 560 suka zo. Waɗanda suka jagoranci zaman, da waɗanda suka riƙe lasifika, duk su ne. Yau akwai rassan wannan tafiya a Kanada da Ingila da Jamus da Japan da wasu ƙasashe. An rufe Fairview a 2000, kuma a 2002 gwamnan jihar ya fito ya nemi gafara kan hana haihuwar da aka yi.

Mutumin da labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Robert Martin na ƙasar Niyu Zilan. An haife shi a 1957, ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni wajen haihuwa. Yana ɗan wata 18 aka kai shi wani gida da ake kira Kimberley. Ya yi ƙuruciyarsa tsakanin wannan gida da gidajen riƙo da wani asibitin masu taɓin hankali mai suna Lake Alice, har ya kai shekara 15. Da ya ba da shaida a gaban hukumar binciken cin zarafi ta ƙasarsu a 2019, ya yi bayanin duka da wulaƙanci, amma ya kuma tsaya a kan wasu abubuwa da wani zai ga ƙanana ne. Ba su da tufafin kansu, tarin kaya ne kowa ya ɗauki abin da ya samu. Ba su san abin da duniya ke ciki ba, har ƙungiyar wasan zari-ruga da duk ƙasar ke alfahari da ita bai san da ita ba. Yaro ya tashi a ƙasarsa kamar ba ɗan ƙasar ba.

Da ya fito ya zauna a garin Whanganui, ya yi aiki a wata gona da aka ware wa irinsu, har ya ja 'yan'uwansa suka yi yajin aiki. Ya koya wa kansa abubuwa da yawa ta hanyar littattafai, ya yi aure, ya shiga tafiyar People First. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke rubuta yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 2006, yana cikin waɗanda suka yi ta zuwa Niyu Yok ana tattaunawa da su. A wannan shekarar ce kuma aka rufe Kimberley. A 2016 ƙasashen duniya suka zaɓe shi cikin kwamitin mutum 18 da ke bin diddigin yarjejeniyar. Shi ne mai larurar fahimta na farko da ya taɓa zama a irin wannan kwamiti na Majalisar. Yana zuwa zama da mai taimaka masa wajen warware takardu, yana kuma matsa wa a riƙa rubuta su da sauƙaƙan kalmomi. Wakilan gwamnatoci su zo Jeniba, inda kwamitin ke zama, da manyan rahotanni, shi kuma ya yi musu tambaya kai tsaye a kan mutanen da har yanzu ke kulle a gidaje, da ranar da za a fito da su. A kwamitin nan ya zauna tare da ɗan Najeriya, Danlami Basharu, makaho, wanda ya shugabanci kwamitin daga 2019. An sake zaɓar Martin a 2020, ya rasu a watan Afrilu na 2024. Bayan wata bakwai firayim ministan Niyu Zilan ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar waɗanda aka ci zarafinsu a irin waɗannan gidaje. Martin bai ji wannan da kunnensa ba, amma shaidarsa na cikin abin da ya kawo ta.

To, yaya zaman irin waɗannan ƙungiyoyi yake? Shugaba da sakatare da ma'aji duk daga cikinsu ake zaɓa. Akwai mai ba da shawara, wanda ba shi da larurar, amma ba ya jefa ƙuri'a, kuma su ne suke ɗaukarsa, su ne suke sallamarsa in ya fara cinye musu taro. Ana rubuta ajanda da manyan haruffa, kowane batu da hotonsa a gefe. A tarukan Turai akwai katuna uku da ake raba wa kowa. In ka ɗaga ja, mai magana zai tsaya ya sake bayani, domin ba ka gane ba. In ka ɗaga rawaya, ya rage sauri. Kore kuma alamar kana tare da shi. Ko minista ne a kan mumbari, in aka ɗaga masa ja sai ya tsaya. Wanda ba ya iya furta kalma yana nuna hoto a allo, ko ya yi alama, a jira shi har ya gama. Zaman da za a yi cikin rabin sa'a yakan ci sa'a biyu, kuma ba wanda ke ganin an ɓata lokaci.

Abin da ake tattaunawa ba ya wuce rayuwarsu: wane ne ke riƙe da kuɗina, me ya sa aka biya ni rabin abin da aka biya abokin aikina, yaya zan ce a'a ga wanda ke taɓa jikina. Wannan na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali. Yarinyar da aka horar tun tana ƙarama cewa nata bin umarni ne kawai, kuma an san ko ta faɗa ba za a yarda da ita ba, ita mugu yake nema. Mu da muke jin labaran da ke fitowa daga kotunanmu mun san wannan ba a nesa yake ba. Koya wa yarinya mai wannan larura ta ce “ba na so”, da koya wa manya su saurare ta in ta faɗa, kariya ce da ta fi kulle ƙofa.

Wani zai ce ai mu ba mu da Willowbrook. Gaskiya ne, mu ba mu kai 'ya'yanmu gidan gwamnati mu manta da su ba, kuma wannan abin godiya ne. Yaron yana cikin dangi, yana cin tuwo tare da kowa. Amma muna da ƙuryar ɗaki, inda ake tura shi in baƙi sun zo. Muna da yaran unguwa da ke binsa da jifa da waƙar tsokana, manya na zaune a dakali suna dariya. Muna da uwar da dangin miji suka ɗora wa laifi, wani lokaci har aurenta ya mutu a kan haka. Muna da wanda ake sa shi ɗiban ruwa da dako tun safe, ladansa ragowar abinci. Muna da gadon da aka raba aka ce nasa kason “a riƙe masa”, daga nan ba a sake jin labarinsa ba. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan waliyyin wanda ba zai iya juya dukiyarsa ba: dukiyar tasa ce, waliyyi amana yake riƙe da ita, kuma za a tambaye shi. Mai riƙon amana na ƙwarai yakan zauna da mai abu ya ji me yake so a saya masa.

Iyaye, musamman mata, ban zo in ɗora muku wani nauyi a kan wanda kuke ɗauke da shi ba. Ko a Suwidin da Niyu Zilan ƙungiyoyin iyaye ne suka share hanya. A Legas ma wata uwa ce, Rose Mordi, ta kafa gidauniyar masu larurar Down a 2001. Tsoronku na gaskiya ne: in na bar shi ya je kasuwa shi kaɗai za a cuce shi a canji, in na bar ta ta fita wa ya san abin da zai same ta. Amma akwai tambayar da kowace uwa irin wannan take kwana da ita, wato wa zai kula da shi in ba ni. Ɗan da ya saba sayo abu a shagon unguwa, ya san sunan unguwarsu da lambar wayar yayansa, yake da abokai irinsa da za su neme shi in ba su gan shi ba, ya fi wanda duniyarsa ke ƙarewa a bakin zanin uwarsa samun madafa a wannan rana. Za a cuce shi a canji sau ɗaya ko sau biyu, kamar yadda aka cuci kowa lokacin da yake koyo.

Ta fuskar doka ba mu da uzuri. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2008, Najeriya a 2010. Sashe na 12 ya ce naƙasasshe cikakken mutum ne a gaban doka, a taimaka masa ya yanke shawararsa. Sashe na 19 ya ba shi haƙƙin zama cikin jama'a kamar kowa. Sashe na 4 ya wajabta wa gwamnati ta tuntuɓi naƙasassu ta hannun ƙungiyoyinsu kafin ta tsara abin da ya shafe su. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta Najeriya tana da ɓangaren masu larurar fahimta. Sai dai in an kira taro, makaho ya wakilci makafi, kurma ya wakilci kurame, kujerar waɗannan kuwa galibi uwa ce ko malami ko shugabar wata gidauniya ke zama a kai.

Na halarci wani bikin ranar naƙasassu, wadda ake yi kowace 3 ga Disamba. An kawo matasa masu larurar Down cikin riguna iri ɗaya, suka yi rawa, aka tafa, manyan baƙi suka sauko aka ɗauki hoto da su. Daga nan aka kai su bayan zaure aka ba su shinkafa a roba, aka shiga jawabai a kan matsalolinsu. Ɗaya daga cikinsu, wata budurwa, ta taso ta tsaya kusa da mumbari tana kallon lasifika. Wata mai kula da su ta zo ta kama hannunta a hankali ta mayar da ita. Na tabbata matar nan tana ƙaunarta. Na kuma tabbata in da an ba budurwar minti biyu, da abin da za ta faɗa ya fi amfanar zauren a kan jawabi na shida.

Ba na kiran a naɗa musu sarki da rawani, balle a jefa su cikin harkar bara da ta dabaibaye wasu daga cikin waɗancan sarautu. Abin da ya kamata mu ɗauko daga zauren Sarkin Makafi shi ne tushensa: masu larura ɗaya su san juna, su zauna tare, su zaɓi na gaba daga cikinsu. Wannan ba ya buƙatar tallafin ƙasar waje. Aji ɗaya a makarantar firamare bayan an tashi, ranar Asabar, matasa takwas ko goma, da malami ɗaya mai haƙuri wanda ya yarda ya zauna a baya. Makarantun masu buƙata ta musamman da ke jihohinmu suna yaye ɗalibai kowace shekara, kowa ya koma gida ya ɓace. Tsofaffin ɗaliban nan su ne farkon mambobi. Mai unguwa ya ba su wuri, limami ya ja kunnen masu tsokana a huɗuba, masu shaguna da teloli da masu gidan burodi su ɗauki ɗaya ko biyu aiki da lada na gaskiya. Hukumar naƙasassu kuma, da ƙungiyoyin jihohi, su ƙara kujera: ɗaya ta iyaye, ɗaya ta mai larurar da kansa, da mai taimaka masa a gefe, a kuma aika masa takardun taro da Hausa mai sauƙi kafin ranar.

Mu ma ma'aikatan rediyo da namu kason. Rediyo ba ya neman mutum ya iya karatu ko rubutu, kuma shi ne yake shiga har ƙuryar ɗakin da na ambata. Kowace 21 ga Maris, ranar masu larurar Down, da 2 ga Afrilu, ranar masu otizim, tashoshinmu kan gayyato likita da uwa. A bana a ƙara da mai larurar. A ba shi tambayoyin tun kwana biyu kafin nan, a naɗi hirar a inda ya saba, a kira shi da sunansa, a yi masa magana kamar yadda ake yi wa babba. In ya yi shiru yana neman kalma, kada mai gabatarwa ya ƙarasa masa, kada kuma mai tace murya ya yanke wurin ya shimfiɗa kiɗan ban tausayi a ƙarƙashi. A tambaye shi sana'ar da yake so, da abin da ke ɓata masa rai a unguwarsu, da saƙon da yake da shi ga shugaban ƙaramar hukumarsu.